Sharhi: Wa ke duba lafiyar motocin da ke bin hanyar Gaya da Ajingi?

A daren Alhamis 13 ga watan Fabrairun shekarar 2025, wata tirela ɗauke da kaya da fasinjoji ta ƙwace wa direbanta a gadar Muhammadu Buhari da ke unguwar Hotoro a birnin Kano.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ce mutane 23 ne suka rasu, wasu 48 kuma suka jikkata. Rahotannin farko sun danganta hatsarin da tsinkewar birki.

Ta Hotoro ne babbar hanyar Maiduguri ke fita daga birnin Kano, ta haye gadar Wudil, ta bi ta Gaya ta shiga jihar Jigawa. Ita ce hanyar da mutanen Gaya da maƙwabtansu na Ajingi ke bi zuwa asibiti, ko kasuwa, ko makaranta, galibi a cikin motocin haya da ba su san ranar da aka duba birkinsu ba.

Doka dai ta tanadi cewa kowace motar haya sai an duba lafiyarta, an ba ta takardar shaida, kafin ta hau titi. Tambayar ita ce: shin wannan takarda tana nufin an duba motar da gaske? Kuma ina mai mota da ke zaune kimanin kilomita 60 daga birnin Kano zai kai motarsa a duba?

Abin da doka ta tanada

Hukumomi da dama ne ke da hannu a sha'anin hanya a jihar Kano, abin da ya sa masu motoci da yawa kan rikice game da aikin kowace.

Hukumar FRSC ta gwamnatin tarayya ce. An kafa ta a shekarar 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita a yanzu ta shekarar 2007 ce. Aikinta shi ne sintiri a manyan hanyoyi, da ceto waɗanda hatsari ya rutsa da su, da tsara lasisin tuƙi da lambar mota, da kuma wayar da kan jama'a.

Hukumar KAROTA kuwa ta jihar Kano ce, an kafa ta a shekarar 2012 lokacin gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma aikinta ya fi karkata ga daidaita zirga-zirga da hukunta masu karya dokar hanya.

Duba lafiyar mota da ba da takardar shaida, a tsarin da aka gada tun zamanin Turawa, aikin jami'an duba ababen hawa ne na gwamnatin jiha, waɗanda aka fi sani da VIO. Kuɗin sabunta takardun kuma yana shiga asusun jiha ne ta hannun ofisoshin lasisin mota.

Bisa ƙa'ida, motar haya da ta ɗaukar kaya ana duba ta duk bayan wata shida, motar gida kuma sau ɗaya a shekara. Dalilin bambancin a fili yake: bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin Gaya da Kano kowace rana kan cinye birki da taya a cikin 'yan watanni fiye da yadda motar ma'aikacin ofis za ta cinye a shekara guda.

Takardar shaidar lafiyar mota daban take da lasisin mota, daban take kuma da inshora. Inshorar dole, wadda ke biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa wani, an ƙara kuɗinta ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun ƙaddamar da tilasta ta a watan Fabrairun 2025. Sai dai ba inshora ba ce ke tsayar da mota idan yaro ya gifta titi.

Me ake dubawa?

Gwaji na gaskiya yana farawa ne daga birki. A cibiyoyin da ke da na'ura, ana ɗora tayoyin mota a kan wasu ƙarafa masu juyawa, direba ya taka birki, kwamfuta ta auna ƙarfin kamun kowace taya.

Amfanin hakan shi ne, sau da yawa birkin ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan kamu. Direba ba ya lura da hakan a tafiyar yau da kullum, sai ranar da ya taka birki da ƙarfi motar ta fizge shi zuwa hannun da ba nasa ba. Ido ba ya ganin wannan matsala, komai ƙwarewar jami'i.

Daga nan sai sitiyari da ƙafar mota, waɗanda ake dubawa daga ƙasa ta cikin rami, sai fitilun gaba da na baya da sigina, da gilashi, da madubi, da bel ɗin kujera, da yawan hayaƙin da ke fita daga salansa. Ana kuma gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardu, a nemi safayar taya da jak da abin kashe gobara.

Taya tana da nata lissafin, wanda kowane fasinja ma zai iya yi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka ƙera ta da kuma shekarar. Idan aka ga 2319, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki idan ta kai shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai suɗe ba, domin robar kan bushe ta tsattsage.

A yankin da zafin bazara kan haura maki 40 a ma'aunin zafi, tsohuwar taya a ƙarƙashin lodin da ya wuce kima, a kan kwalta mai zafi, ba ta da nisa da fashewa.

Nisa da tsada

Gaya da Ajingi ƙasar noma ce. Gero da dawa da gyaɗa da wake da dabbobi ne ke fita daga ƙauyukansu zuwa kasuwar Wudil da ke ci ranar Juma'a, da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Abin da ke ɗaukar wannan kaya shi ne akori-kura, da tsofaffin bas-bas, da ƙananan motocin haya, da babura masu ƙafa uku, da kuma babura.

Hana acaɓa da aka yi a birnin Kano a shekarar 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, bai rage muhimmancin babur a karkara ba. A ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, babur ne motar haya, shi ne kuma motar ɗaukar mara lafiya.

Yawancin waɗannan ababen hawa suna kwana ne a ƙauye, suna wuni a hanyar birji. To amma manyan ofisoshin gwamnati a birni suke, kuma a duk inda aka kafa cibiyar gwaji mai na'ura a Najeriya, manyan birane ne ke fara samu.

Ga direban da ke Ajingi, kai mota gwaji a birni na nufin asarar cinikin yini guda, ga kuɗin mai zuwa da dawowa. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a cikin 'yan kwanaki, kuma ta haura naira 1,000 a shekarar 2024.

Faɗuwar darajar naira a daidai wannan lokaci ta sa kayan gyara, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, sun yi tsada a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa. Direban da ya san cewa idan aka duba motarsa za a ce ya sauya tayoyi huɗu, ba zai yi ɗokin zuwa a duba ba.

A nan ne dillalan takardu ke samun kasuwa. Mai mota ya miƙa kuɗi da tsofaffin takardu, bayan kwana biyu a kawo masa sababbi, har da ta shaidar lafiyar mota, alhali motar ba ta gusa daga tasha ba.

Takarda ko gwaji?

Wannan al'ada ba ta Kano kaɗai ba ce, ta game ƙasar baki ɗaya, kuma hukumomi sun san da ita.

Jihar Legas ta fara gwajin motoci da kwamfuta a shekarar 2017. Duk da haka sai da ta sake fito da wata doka daga watan Janairun 2022, wadda ta ce ba za a ƙara ba da takardar shaida ba sai an kai mota an duba ta. Buƙatar kafa irin wannan doka ita kanta shaida ce cewa kafin nan ana samun takardar ba tare da gwaji ba.

Tushen matsalar shi ne an haɗa abubuwa biyu masu saɓanin manufa a kan takarda ɗaya. Ga mai tara haraji, kowace takarda da aka bayar kuɗin shiga ne, don haka yawanta alheri ne. Ga mai kiyaye rayuka kuwa, darajar takardar tana cikin yawan motocin da aka hana ta.

Idan aka bar ɓangaren kuɗi ya rinjayi ɓangaren gwaji, takardar shaidar lafiya ta koma rasit kawai. Jami'in da ya tsayar da mota a hanya zai tambayi takarda, ya ga kwanan watanta bai wuce ba, ya ɗaga hannu. Motar da ke da birki lafiyayye amma takardarta ta ƙare za a ci ta tara, wadda birkinta ya mutu amma takardarta sabuwa ce ta wuce.

Tsofaffin motoci daga waje

Wani abin da ke ƙara wa gwajin muhimmanci shi ne irin motocin da ke shigowa ƙasar.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma nahiyar Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Rahoton ya ambato wani bincike da hukumomin ƙasar Holan suka yi, wanda ya gano cewa yawancin motocin da ake fitarwa daga can ba su da ingantacciyar takardar shaidar lafiya a lokacin da aka loda su a jirgi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka nufo Najeriya sun kusa shekara 20.

Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, kuma tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su. Amma duk wanda ya tsaya wurin mai faci a bakin hanya ya san ba su ɓace daga kasuwa ba.

Motar da ta gama rayuwarta a Turai kan yi wasu shekaru a Legas ko Abuja ko birnin Kano, kafin ta gangaro hannu na uku ko na huɗu a tashar ƙaramar hukuma. Ma'ana, motocin da suka fi tsufa, suka fi ɗaukar nauyi, suka fi bin mummunar hanya, su ne kuma suka fi nisa da wurin gwaji.

Hukuncin kotu

A halin da ake ciki kuma, ikon jami'an VIO na tsayar da motoci a kan hanya ya shiga takaddamar shari'a.

A ranar 2 ga watan Oktoban 2024, Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta ba jami'an VIO na babban birnin tarayya ikon tsayar da mota, ko kama ta, ko cin tarar direba. Wani lauya mai fafutikar kare haƙƙin bil'adama, Abubakar Marshal, shi ne ya shigar da ƙarar.

Direbobi da yawa a sassan ƙasar sun ɗauki hukuncin a matsayin ƙarshen aikin VIO. To sai dai gwamnatin Legas ta yi maza ta ce hukuncin bai shafe ta ba, domin tana da dokarta ta jiha da ta ba jami'anta wannan iko. Haka kuma hukuncin bai soke wajibcin gwada mota ba. Abin da ya taɓa shi ne kame da tara a kan titi.

Darasin da ke ciki ga jihohi shi ne, tsarin da ya dogara kacokan ga tare hanya yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya. Aikin duba mota na asali a filin gwaji ake yin sa, kafin motar ta ɗauki fasinja.

Iyakar abin da gwaji zai iya

Alƙaluman FRSC sun nuna cewa mutane 5,421 ne suka mutu a haɗurra 9,570 a faɗin Najeriya a shekarar 2024, idan aka kwatanta da mutane 5,081 a shekarar 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, wadda ke la'akari da mace-macen da ba a kai rahotonsu ba, ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa adadin ya kusa 40,000 a shekara.

A cikin dalilan da FRSC ke bayarwa kowace shekara, gudun wuce sa'a ne ke kan gaba, ba lalacewar mota ba. Lokacin da motar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin wata gada a hanyar Zariya zuwa Kano a ƙarshen watan Mayun 2025, inda fiye da mutane 20 suka rasu, gajiyar direba da gudu ne hukumar ta fara zargi.

Wannan ne ya sa wasu ke ganin cewa kuɗin da za a kashe a kan na'urorin gwaji gara a kashe shi wajen horar da direbobi da gyaran hanya.

Amma abubuwan biyu ba sa rabuwa. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take buƙata kafin ta tsaya bayan an taka birki tana ninkawa sau huɗu ne, ko da birkin lafiya yake. Aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, wanda aka ba da kwangilarsa tun shekarar 2006, yana nufin cewa duk inda kwalta ta yi kyau gudu zai ƙaru. Kyakkyawar hanya a ƙarƙashin mota mara birki ba ta rage hatsari.

Bugu da ƙari, idan mota ta yi kaca-kaca, ba kasafai ake samun wanda zai binciki ko birki ne ya fara cin amanar direba ba. Sai a rubuta cewa mota ta ƙwace, jama'a su ce tsautsayi ne, a wuce wurin.

Ina mafita?

Ƙasashen da gwajin mota ya yi tasiri a cikinsu sun kai gwajin kusa da mai mota ne. Birtaniya, wadda ta fara nata a shekarar 1960, ba ta dogara ga ofisoshin gwamnati ba. Ta ba garejoji masu zaman kansu fiye da 20,000 izinin yin gwajin, gwamnati kuma tana sa musu ido, tana ƙwace izinin duk wanda aka kama da maguɗi.

Ba lallai ne a kwafi wannan tsari yadda yake ba, domin inda sa ido ya yi rauni, ba gareji izini na iya zama buɗe wata sabuwar kasuwar takardu. Amma akwai matakan da ba su fi ƙarfin jiha ba.

Na farko, akwai na'urorin gwaji na tafi-da-gidanka da ake ja da mota. Guda ɗaya da za ta riƙa zagaya Wudil da Gaya da Ajingi da Albasu a ranakun da aka sanar tun da wuri, musamman ranakun kasuwa da motoci ke taruwa da kansu, za ta kawar da uzurin nisa.

Na biyu, a raba wanda ke karɓar kuɗi da wanda ke gwaji, ta yadda takarda ba za ta fito ba sai sakamakon na'ura ya shiga kwamfuta tare da hoton motar.

Na uku, wanda motarsa ta faɗi gwaji a ba shi wa'adin gyara, ya dawo a sake dubawa ba tare da sabon biya ba. Idan faɗuwa gwaji na nufin tara da kame, babu mai kai kansa.

Na huɗu, a jawo waɗanda motocin ke hannunsu kullum. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ke tsara layin lodi a tasha, kuma ita ce ke da ikon hana motar da tayarta ta suɗe ɗaukar fasinja. Kanikawan gari su ne suka san ciwon kowace mota. A Wudil kuma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ke horar da injiniyoyi a ƙofar yankin.

Kafin a kai ga haka, abin da ya rage wa mai mota a Gaya ko Ajingi shi ne ya je ofishin lasisi da ƙafarsa maimakon ya aiki dillali, ya nemi a haɗa shi da jami'in VIO da ke kula da shiyyarsa, ya karɓi rasit na gwamnati, ya kuma tsaya a duba motar a gabansa. Hukumar FRSC ma kan gudanar da duba motoci kyauta lokaci zuwa lokaci, inda ake nuna wa direba abin da ya lalace ba tare da an ci shi tara ba.

Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Fasinjan da ya shiga mota a tashar Gaya da asuba ba shi da hanyar sanin halin da birkinta ke ciki. Ya dogara ne ga cewa wani ya duba a madadinsa. Ko takardar da ke aljihun direban ta cancanci wannan amana, ya danganta ne ga matakin da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin direbobi za su ɗauka.